Nuhu Direba da Juyen Man Takalmin Bature

Duk wanda ya zauna a Anka kafin zinari ya juya kan mutane ya san Nuhu Direba. In bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ji tarin motarsa. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ka ji wani gurnani daga bayan katangar gidansu, kaji su watse, awaki su tsinke igiya, tsofaffi su ce, "To, Nuhu ya tafi Ingila." Kafin su rufe baki ya isa, domin tafiyar duka taku talatin ce, daga gindin rumbu zuwa gindin dogon yaro. Daga nan sai ya sa giyar baya ya dawo gida Najeriya.

Ba a cikin mota aka haifi Nuhu ba, ko da yake in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse da sitiyari aka yanke masa cibi. Ubansa manomin gero ne. Nuhu ya yi damina uku yana riƙe da fartanya kamar an ba shi wutsiyar maciji, a ta huɗu ya bi wata babbar mota zuwa Gummi, bai dawo ba sai da lasin a aljihu da hula a karkace. A can wani Bature mai sayen fata da ƙiraga ya ɗauke shi direba, suka yi shekara goma sha ɗaya tare. Baturen yana da babbar motar shiga daji, yana kuma da wata 'yar ja ta yawon Lahadi, mai mazauni biyu tak, ba rufi sai tampol, ƙafafunta da wayoyi kamar na keke. Don kusancinta da ƙasa, in ta taka kashin akuya sai ka ji shi a ƙugunka. Ranar da zai koma ƙasarsu, wannan ce ya miƙa wa Nuhu makullinta, ya kafa masa sharuɗɗa uku: kada ta yi mako guda ba ta yi numfashi ba, a yi mata juyen baƙin mai sau biyu a shekara, in kuma an buɗe tsohon mai a bar shi ya tsiyaye sa'a guda cur.

Da ya shigo da ita Anka, mutane suka kewaye ta suna neman inda ake ɗora buhu. Da ba su gani ba, suka raɗa mata suna Takalmin Bature. Lokacin darni ne ya kewaye gidan, sai aka ɗage kara ta shiga tsakar gida ta zauna. Shi kuma ya koma jan babbar mota tsakanin Gummi, Sakkwato da Yawuri, in yana hanya ƙanensa ke tayar masa da ita. Wata tafiya da ya yi Ikko ya daɗe, wansa marigayi, mutumin kirki wanda Allah bai ba shi tunanin gobe ba, ya tara magina suka zagaye gidan da katangar ƙasa, aka yi zaure mai ƙofar da ko jaki mai ciki sai ya karkace. Nuhu ya dawo ya tarar an gine motarsa a ciki kamar fursuna. Gefe ɗaya ne kawai za a iya fasawa ta fita, shi ne katangar da suka haɗa da maƙwabcinsa Maharazu. Shi kuwa Maharazu ya ce duk wanda ya taɓa masa tubali ɗaya, sai alƙali ya raba su.

Haka aka zauna shekara goma sha bakwai. A tsakani yanar ido ta rufe wa Nuhu gani, masu motoci suka karɓe makullansu ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana bai da abin da ya rage masa na direbanci sai takun nan talatin. Rakiya matarsa ke sana'ar ƙuli-ƙuli tana riƙe da gida, ita ce kuma ta san cewa in injin nan ya tashi ranar Juma'a, Malam zai ci tuwo malmala biyu, ya yi wa kowa fara'a har Laraba. In injin ya yi gardama kuwa, ko kaza ba ta isa ta gifta ta gabansa ba. Muddin injin yana numfashi, Nuhu direba ne. Ran da injin ya mutu, sai dai a ce tsohon nan mai ciwon ido na gidan su Rakiya.

To, a kakar shekarar dubu biyu da takwas lokacin juye ya zo, ƙugun Nuhu ya ce bai san zancen ba. Da can yakan ɗaga motar da jak, ya tokare ta da turame biyu, ya shige ƙarƙashi da rarrafe kamar damo. Bana da ya gwada durƙusawa, sai da Rakiya ta kira mutum biyu suka miƙar da shi. Ga galan ɗin sabon mai an kawo daga Gusau, ga sabuwar filta, ga sifana, amma ba mai shiga. Yana zaune ya rafka tagumi sai ga Arzika taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, wanda da ginin rijiya yake yi, yanzu ya koma haƙar zinari wajen Bagega. Gajere ne ƙaƙƙarfa, ko'ina ya zauna sai ya bar jar ƙasa.

"Makahon direba, mi as same ka? Ko Takalmin ta ciza ka?"

"Kai bawan gidanmu, wuce ka ba ni wuri. Juye nika son yi, ƙugu ya hana."

"Wanga shi na abin tagumi? Ai rami a ka yi, kamar na gareji. Ka hau da ita bisa, ni in shiga in buɗe maka. Ni da nika shiga gaba ashirin cikin ƙasa, cikin mota za ya gagare ni?"

Rakiya daga bakin murhu ta ce, "Malam, kar ka bari wanga gafiya shi taɓa mani tsakar gida."

"Matarmu, ke dai soya ƙulinki," in ji Arzika. "Kahin ki kwashe kasko guda na gama."

Nuhu ya yi ta jujjuya maganar, bai ga wata mafita ba. Ya nuna masa gindin dogon yaro, daidai inda ya saba yin juye tun shigowar motar, inda ƙasar ta yi baƙi ƙirin don man da take sha shekara da shekaru. Ya ce iyakar ƙugu. Arzika ya ce to. Amma mai haƙar zinari bai san rami iyakar ƙugu ba, a wurinsa wannan zagi ne. Kafin hantsi ya dubi ludayi, sai hularsa kawai ake gani, ƙasa na tashi sama tana taruwa tsibi guda. Da ƙyar Nuhu ya tsayar da shi da rantsuwa.

Aka shimfiɗa katako biyu masu kauri a bakin ramin. Nuhu ya shiga mota, ya yi bisimilla, ya murza makulli, ta yi tari uku ta kama. Rakiya tana gaba tana ce masa dama, hagu, dama kaɗan, shi kuwa yana tuƙi yana washe baki kamar wanda zai haye gadar Jaba. Ta hau katako daram. Ya bar ta ta ɗumama, ya kashe. Arzika ya sulale ƙasa da sifana da tsohuwar tasa, ya kwance notin da ke toshe gindin inji, baƙin mai ya zubo da zafinsa. Ya miƙo notin ya ɗora a kan tsibin ƙasa, ya fito yana share hannu a wando.

"Kawo sabon mu zuba."

"Sai ya tsiyaye sa'a guda."

"Sa'a guda! Saniya muka tatsa?"

"Hakanan Bature yac ce."

Sa'ar nan ita ta kashe Nuhu. Sabo turken wawa: mai haƙar zinari ba ya iya zama kusa da ƙasar da ya tono bai wanke ta ba, kamar yadda mai shayi ba ya ganin ruwan zafi ya wuce. Arzika ya zauna, ya miƙe, ya sosa ƙeya, can ya jawo ƙwaryar Rakiya, ya dumbuzi baƙar ƙasar nan ta sama-sama, ya barbaɗa garin sabulu don maiƙo, ya zuba ruwa ya shiga karkaɗawa yana waƙa. Ya zubar, ya ƙara ruwa, ya karkaɗa. Sai waƙar ta tsaya. A gindin ƙwarya wasu 'yan ɓarɓashi ja-ja suna ƙyalli a rana.

"La'ilaha illallahu! Nuhu! Zinari na!"

Muryar Arzika kuwa a ƙarƙashin ƙasa ta yi girma, in ya yi raɗa ana ji a Bukkuyum. Matar Maharazu tana shanyar barkono a kan katanga, ta saki faifai.

Nuhu ya ce a miƙo masa. Idonsa bai ga komai ba sai haske, don haka ya sa yatsa ya murza ɓarɓashin, ya kai hanci. Daga nan ya ce Arzika ya ɗauko masa tasar man. Ya tsoma hannu har gindi ya shafo, ya murza, ya ji irinsu sak, masu kaifi-kaifi kamar dusar ƙarfe. Ya ajiye tasar a hankali. Duk direban da ya yi shekara talatin a hanya ya san wannan. A cikin inji akwai wasu 'yan ɓawon ƙarfe masu jar tagulla, su ke rungume da sandar da ke juya komai. In ka ga tagullarsu a cikin mai, inji ya fara cin hanjinsa ke nan. Kuma tun da har ƙasar wurin ta tara su, ba bana ya fara ba. Sai a lokacin ya yarda da wata 'yar ƙara da ya shekara biyu yana ji yana cewa kunnensa ne.

"Ba zinari ba na," ya ce a hankali. "Cikin motata na ka zubewa."

Arzika ya dube shi da tausayi. "Allah sarki. Arziki ya zaka ma makaho, shina kore shi da sanda."

Kafin la'asar zauren nan da jaki ba ya shiga ya haɗiye mutum ya fi ɗari. Da gidan Nuhu ne shi kaɗai, da ya sa an rufe ƙofa. To gidan gado ne, ba a raba ba. 'Ya'yan wansa suka zo da diga, suka ce rabon ubansu. Zulai yayarsa, wadda ta shekara biyar tana cewa ƙafa ta hana ta zuwa gaisuwa, ta iso daga Adabka a bayan babur da buhu uku da surukai biyu. Akwai wanda ya zo ya ce kakarsa ta taɓa shan nono a gidan. Kowa ya zo sai ya fara durƙusawa ya gaida Nuhu da ladabi, Baba, Kawu, an wuni lafiya, sannan ya tofa yawu a tafi ya kafa diga.

Nuhu ya tsaya rungume da galan ɗin mai yana ta bayani. Ya yi bayanin inji, ya yi bayanin tagulla, ya rantse da kabarin ubansa. Yawan rantsuwarsa, yawan tabbatar musu. Zulai ta ce, "Tun muna ƙanana haka yake, in Inna ta ba shi ƙosai sai shi ce ɗaci gare shi." Aka yi dariya, aka ci gaba da cika buhu.

Sai Nuhu ya ce to, a bari ya zuba mai ya janye motar, su haƙe gidan har su ɓullo Makka. Ya ce Arzika ya mayar da noti. Arzika ya waiwaya wajen tsibin ƙasar da ya ɗora shi, babu tsibi, babu alamarsa, an share wurin kamar za a yi sallar Idi. Notin ya bi buhun wani. In ba noti, duk man da aka zuba ta sama ta ƙasa zai fita. Nuhu ya ce a tura ta da hannu. Aka duba baya, an riga an yi rami uku tsakaninta da rumbu. Aka duba gaba, saiwar dogon yaro ce a waje tana shan iska. Takalmin Bature ta tsaya a kan katako biyu a tsakiyar ramuka, ciki a buɗe, ba ɗigon mai a jikinta.

Kwana uku Nuhu yana zaune a cikinta daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, galan a kujerar gefe kamar fasinja. In wani ya matso da diga kusa da katakon, ya danna ham. Ran farko suna razana. Rana ta biyu batir ya fara sanyi, ham ɗin ya koma kukan ɗan akuya, ba mai ko ɗaga kai. Rakiya ta kwashe kaskonta da tukwanenta ta koma ɗaki, saboda murhun ma an haƙe shi. Takan miƙo masa fura a kan doguwar sanda.

"Malam, ka sauko. In katakon ga yak karye, da kai da ita za a rufe."

"In na sauka, wa ka tsare ta?"

"Yanzu tsaronta kaka yi?"

Nuhu ya gyara wa galan zama. Yana jin digar wani tana bugu a ƙarƙashin kujerarsa, gif, gif, kamar zuciya ta biyu. Maharazu ne. Mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana gadin tubalinsa, ya fara rami daga ɗakin awakinsa, ya bi ta ƙarƙashin katanga yana nufo gindin dogon yaro. Da azahar ɗin rana ta uku katangar ta gaji, ta zauna ƙasa gaba ɗayanta, ƙura ta tashi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, an jawo Maharazu ta ƙafa yana tofar da ƙasa. Amma girgizar ta zame katako ɗaya, motar ta karkata, ƙafarta ta hagu ta gaba ta faɗa rami, hancinta ya soki ƙasa. Nuhu ya gangaro ta kan ƙofa ya faɗa kan buhun Zulai, har yanzu da galan a ƙirji.

A ranar ne mai sayen zinari ya iso, wani siririn mutum mai ɗan sikeli a cikin gwangwanin taba. Aka tattaro duk abin da unguwa ta wanke a kwana uku, ya zuba a ɗan faranti, ya ɗiga masa wani ruwa daga kwalba. Abin ya yi kumfa, ya koma kore shar.

"Tagulla ce," ya ce. "Wa ke da tsohon inji a nan?"

Aka dubi motar. Sannan kowa ya juya ya dubi Nuhu da harara. Zulai ta ce ai da ya yi magana tun farko yadda mutane za su fahimta. 'Ya'yan wansa suka saɓa diga suka fita ba sallama. Kafin a kira la'asar gidan ya koma daga shi sai Rakiya, sai Arzika da ke tsugune a bakin rami yana zane a ƙasa da tsinke.

A ba Arzika haƙƙinsa, bai gudu ba. Ya bi gida-gida yana zazzage buhuna, har ya samo notin a wurin masu injin niƙa dutse, inda ya tsayar musu da inji ya sha zagi. Haƙoran notin sun lalace rabi. Ya naɗe shi da zaren buhu da robar tayar keke, ya roƙo majiya ƙarfi goma sha biyu daga bakin kasuwa, suka cicciɓi motar kamar makara suka ajiye ta a ɗan wurin da ya rage lafiyayye kusa da rumbu. Ya tono 'yar hanya da hannu ya shige ƙarƙashi, ya ɗaura notin iyakar ƙarfinsa, ya sauya filta. Nuhu da kansa ya zuba sabon mai, ya zaro ma'auni ya shafa da yatsa ya ji ya kai.

Ya zauna a mazauninsa ya daɗe riƙe da makulli. Batir ya mutu, sai da aka ciro na babur biyu aka haɗa da na mai cajin waya. Ya yi bisimilla ya murza. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Arzika ya yi tsalle ya buga kabbara. Nuhu bai motsa ba, ya karkata kai yana saurare. A ƙarƙashin gurnanin ga ƙarar nan, wadda a da sai ya kasa kunne, yau kuwa ko Rakiya daga bakin ɗaki ta ji ta: ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana sara icce a cikin tulu. Ya ɗan taka mai ko za ta lafa, ta ƙaru. A ƙasa kuma sabon man yana bin zaren buhu yana ɗiga. Ya san in ya bar ta minti biyar za ta buga a gabansa. Ya miƙa hannu ya kashe ta da kansa.

Can Arzika ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar takarda a ƙudundune. Mai sayen zinari ne ya bar masa, ragowar abin da ruwan kwalba bai ci ba, duka bai cika cokalin shayi ba. Ya matso ya sa wa Nuhu a tafi. Yau ko makaho bai kira shi ba.

"Yaya Nuhu, ga kayanta. In an buɗe cikin, ba a iya maida mata?"

Nuhu ya warware takardar, ya taɓa ɓarɓashin da ɗan yatsa, ya sake naɗewa a hankali.

"Ba a iyawa," ya ce.

Ya nemi buɗe ƙofa ya fito, ƙugu ya ƙi. Arzika ya kama shi ta hammata ɗaya, Rakiya ta kama ɗayar, suka bi da shi tsakanin ramuka suna gaya masa inda zai sa ƙafa.